Motar da Na Saya da Garkar Mahaifina

Ran 20 ga watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Wata 17 na yi ina gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa wannan rana ce ta karya ni. Na faɗa a fadar da muke shan shayi, na faɗa a gidan surukaina, na faɗa wa masu bina bashi, har ni kaina na gaskata. Kowa ya yarda, domin a Maraɗi babu gidan da rufe iyakar bai taɓa ba. Sai dai maganar tawa ba gaskiya ba ce. Na riga na faɗi tun iyaka tana buɗe, kuma da hannuna na haƙa ramin.

Ni malamin lakwal ne. Shekara 11 na yi ina koyar da lissafi a wata kwalej a cikin gari, a matsayin ɗan kwantiragi. Abin da ake ba ni a wata jika 100 ne, wato sefa dubu 100, kuma wani lokaci sai wata ya yi nisa kafin kuɗin su zo. Ina zaune a Sabon Gari da matata da ƴaƴa huɗu. Daga ƙofar gida zuwa lakwal tafiyar minti 20 ce a ƙafa, in na hau babur ɗina kuwa minti 5. Babbar kasuwa kusa take, masallacin Juma'a kusa, likita ma ba nisa. Ina da garka a Jiratawa wadda na gada daga mahaifina, akwai rijiya a ciki, wani ɗan uwa yana noma ta muna raba amfani. Daga nan zogale da tumatir da masara ke shigo mana gida. Ba mu da wadata, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Wanda bai zauna Maraɗi ba ba zai gane nauyin da kasuwanci ke da shi a zuciyar ɗan garin ba. Gari ne na alhazai, har wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Yaro yana tashi yana jin labarin wane da ya fara da tallan goro ko dakon gyaɗa, yau ga shi da manyan motoci suna zuwa Kwatano da Kano. Malamin lakwal ana gaishe shi da ladabi, ana ce masa mushe, amma ba a tashi tsaye idan ya shigo.

A farkon 2019 aka yi sunan ɗan wani abokina a unguwar Ali Ɗan Sofo. Na je a kan babur, iskar hunturu ta bule ni da ƙura tun daga hula har takalmi. Ina cikin kakkaɓe riga sai ga wani da muka yi aji ɗaya, wanda ya bar karatu tun muna ƙanana, ya fito daga mota fes. Mutumin kirki ne, ya rungume ni, ya tambayi iyali. Bai yi mini komai ba. Amma na ga yadda aka matsa masa a kan tabarma, na ga yadda maroƙi ya bar kowa ya nufe shi. Na koma gida da wani abu a maƙogwaro wanda ban gaya wa kowa ba.

Da a ce washegari na ce wa matata ina son mota don a matsa mini a kan tabarma, da ta yi mini magana, da ni ma na ji kunyar kaina. Saboda haka ban faɗi haka ba, ko a zuci. Sai na shiga neman dalilai, kuma mai neman dalili ba ya rasawa. Na ce idan yaro ya kamu da ciwo cikin dare fa? Na ce damina tana wahalar da mu a kan babur. Na ce Kawu yana Tibiri ya tsufa, ya kamata a riƙa zuwa gaishe shi da iyali gaba ɗaya. Duk da haka lissafin ya ƙi fita, don mai jika 100 a wata ba ya riƙe mota. A nan ne shawara ta biyu ta shigo, wadda ta fi ta farko muni: in bar koyarwa, motar ta zama jari. In riƙa zuwa Jibiya da Katsina ina ɗauko wa masu shaguna kayan roba da lemun kwalba da atamfa, in ɗauki fasinja a tafiya da dawowa. Katsina ba ta kai kilomita 100 ba daga nan. Mai kuwa yana da araha: a lokacin lita naira 145 ce a Najeriya saboda tallafin gwamnatinsu, ƴan ruwa-ruwa suna sayar da shi a kwalabe a kowace kusurwa, ƙasa da sefa 540 da ake saye a gidan mai. Na zauna na cika shafi biyu da lissafi, na fitar da riba ninki biyu na albashina.

Mutane suna canza sana'a sannan su sayi kayan aikinta. Ni kayan na fara so, sannan na ƙirƙiro sana'ar da za ta ba ni hujjar sayensa.

Na je Tibiri na gaya wa Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi fatauci a ƙuruciyarsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, ina ne kake son zuwa kullum wanda ƙafarka da babur ɗinka suka kasa kai ka?" Na ce Kawu ai neman kuɗi ne. Ya ce: "To wa ya koya maka? Wane ubangida ka yi wa yaro? Ka san wa a tasha, ka san wa a iyakar Ɗan Isa?" Ya kuma tuna mini cewa Buharin da ke mulki a lokacin shi ne ya rufe iyaka a 1984 yana soja, ba a buɗe ba sai 1986, kuma ya ga waɗanda suka talauce a wannan tsakani. Ya ce mai cin abinci a bakin iyaka dole ya kasance yana da abin da zai ci ranar da aka ja ƙofa. Na ce in Allah ya yarda ba abin da zai faru. Na fito ina ce wa zuciyata tsofaffi tsoro ya yi musu yawa.

Matata ba ta yi gardama ba. Abin da ta ce kawai shi ne: "Malam, ka bari mana ka gwada lokacin hutu, in ya yi kyau sai ka ajiye aikin." Wannan ita ce shawara mafi kyau da aka ba ni a shekarar, kuma a cikin ɗakina aka ba ni ita kyauta. Hutun ƙarshen shekara wata uku ne. Da na ɗauki hayar mota ko na bi wani direba a matsayin yaron mota na wata ɗaya, da na ga komai da idona. Na ƙi, don mushe ba ya zama yaron mota. Na ce mata mai kama kifi biyu ba ya riƙe ko ɗaya.

A ƙarshen watan Yuni na ajiye aiki. Na jinginar da garkar Jiratawa ga wani dattijo maƙwabcinta a kan miliyan 1 da jika 500. Na sayar da babur jika 300. Na kwashe ajiyata jika 500. Matata ta ɗauki adashenta, ta sayar da awakinta, ta haɗa mini jika 600. Na sayi tsohuwar Toyota mai dogon baya, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano bayan sun gama ƙuruciyarsu a Turai, a kan miliyan 2 da jika 600. Sauran ya tafi a takardu da asiransi da taya biyu. Ranar da na shigo da ita unguwa yara suka bi ni da gudu, maƙwabta suka fito ana ta Allah ya sa alheri, Allah ya tsare. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Da dare na fito sau biyu ina duba ta.

Daga mako na farko aikin ya fara nuna mini ban san shi ba. Tasha tana da tsarinta: akwai layi, akwai kamasho, akwai ƙungiyar direbobi, akwai takardun motar haya waɗanda ban da su. Ba a hana ni don ƙiyayya ba, mutane ne da suka shekara ashirin suna jiran layi, ba za su bar baƙo ya tsallake su ba. Sai na koma tsintar fasinja a bakin hanya. Masu shagunan da na dogara da su kuwa kowa yana da direbansa, wanda ya san gidansu, ya san ubansa, wanda zai ba shi kuɗin kaya miliyan guda ba takarda ya kwanta barci. Wannan amanar shekaru ke gina ta. Wanda ya ba ni saƙo ma don kunyar na koyar da ɗansa ya ba ni, sau ɗaya, bai sake ba. A hanya ban san inda ake tsayawa ba, ban san yadda ake magana ba, ban san kayan da ake biya wa duwan da nawa ake biya ba. Canjin naira da sefa ya ci ni sau da yawa ina tsaye ina kallo. Abin da direba na gaske zai ji a kunnensa ya ce injin ne, ni sai motar ta tsaya nake sani.

Ga kuma abin da babu shi a shafukana biyu. Mai mota a unguwa motarsa ta jama'a ce. Kai amarya, ɗauko ƴan biki, raka gawa, kai gwaggo ƙauye, mai naƙuda, mai zuwa tasha da asuba. Wa zan ce wa ya zuba mai? Ni ma ban so a daina roƙona ba, don wannan roƙon shi ne abin da na saya. Fadarmu ba ta fi taku 300 daga gidana ba, amma da mota nake zuwa. Lungunan unguwanninmu yashi ne, in ka bar kwalta sai ka yi ta addu'a. Da damina ta kankama, sau uku samari suna tura ni daga cikin ruwa, kabu-kabu da adaidaita suna wucewa ta gefena.

Sai aka rufe iyaka. A watan Nuwamba Najeriya ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kwalbar ruwa-ruwa ta yi tsada. A watan Maris 2020 cutar korona ta shigo Nijar, tafiye-tafiye suka ragu. Wahalar gaskiya ce, ta sami dubban mutane da ba su yi laifin komai ba. Ni kuwa, in faɗi abin da ke cikin raina, wani sashe na zuciyata ya sami sauƙi. Na sami wanda zan ɗora wa. Da aka tambaye ni yaya aiki, sai in ce ai kun ga abin da Buhari ya yi mana, a yi ta jajanta mini. Na shiga cikin taron waɗanda aka zalunta na ɓuya.

Na koma ɗaukar duk abin da ya samu a kusa: Tibiri, Madarunfa, Jiratawa. Wata safiya a watan Janairu 2021, wasu mata masu sarin zogale suka ɗauke ni haya in kwaso musu buhuna daga Jiratawa zuwa kasuwa, a kan jika 3. Mun isa gari bai gama wayewa ba, sanyi yana shiga ƙashi. Babbarsu tana zaune gaba tana nuna mini hanya: bi nan, karya dama, miƙe. Tun kafin mu kai na gane inda za mu. Na ga bishiyar mangwaron da mahaifina ya dasa shekarar da aka haife ni. Na tsayar da mota a bakin shingen, na kasa fitowa.

Dattijon da na jinginar wa ya taho yana murmushi, hannunsa duk laka. Ya ce: "A'a, mushe, kai ne da kanka? Sannu da zuwa. Zo ka ga garkarka." Na ce Baba ina kwana, na bi shi. Ya gyara bakin rijiyar, ya sa injin ban ruwa, zogale ya yi kore shar, ga albasa, ga tumatir. Ba da gori ya yi maganar ba, murna yake yi ya nuna mini bai wulakanta amanar ba. Ya ce zogalen nan ba ya yanke musu, ana yanka yana tohowa, mata suna zuwa har garka su saya. Ya ce: "Mahaifinka ya san ƙasa. Allah ya jiƙansa." Na ce amin.

Ni na ɗora buhunan a bayan motar da hannuna. Buhu shida. Ina ɗagawa ina jin ƙamshin ganyen da na tashi da shi, wanda mahaifiyata ke yi mana kwaɗo da ƙuli. A hanyar dawowa matan suna ta hira, ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne: iyaka a rufe take, korona ta zo, amma garkar nan ba ta san an yi ba. Tana nan tana ciyar da gida, sai dai ba gidana ba. Da muka isa aka ƙirga mini jika 3, na zuba man jika 2.

Da dare, bayan yara sun kwanta, na buɗe akwatin motar na ɗauko littafin da nake rubuta shiga da fita a farkon aikin. Halin malanta ne, na riƙa rubutawa har zuwa lokacin da lambobin suka fara ba ni tsoro, sai na daina. Ban taɓa tarawa ba. Shekara 11 ina ce wa yara kada su tsaya a tsakiyar lissafi, su kai shi ƙarshe su ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, ni kuwa na bar nawa a buɗe wata 17 don na san abin da zai fito. Na ɗauki daga 1 ga Yuli zuwa 20 ga Agusta 2019, mako bakwai da iyaka take buɗe, mai yana da araha, babu cuta. Zuwa Jibiya da Katsina sau 9. Abin da ya shigo jika 190. Abin da ya fita a mai da gyara da kuɗin hanya jika 260. Tafiye-tafiyen da ban karɓi ko dala ba sun haura 60. Na sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, amsar ba ta canza ba.

Na daɗe zaune da fitila a hannu. Asarar jika 70 ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Shafi biyun nan na farko suna manne a bangon littafin, na karanta su kamar takardar jarrabawar wani ɗalibi. Babu gyara a ciki, babu ranar da za a fita a dawo ba fasinja, babu faɗuwar darajar mota, babu ko layi ɗaya na abin da garka take kawowa gida wanda zan rasa. Mutumin da ya rubuta wannan ya iya lissafi. Da gangan ya tsallake, don ya riga ya san amsar da yake so. A lokacin tambayar Kawu ta dawo mini, ina ne nake son zuwa. Na sami amsarta a daren: kan tabarmar nan ta gidan suna nake son zuwa. Don ita na ajiye aikin da na iya, na jinginar da gadon ubana, na karɓi awakin matata.

Na tashe ta na nuna mata littafin. Na ce mata ba iyaka ba ce, ni ne. Ta duba, ta yi shiru, sannan ta ce: "Malam, na sani tun watan farko. Jira nake ka gani da kanka." Na roƙe ta gafara. Washegari na je Tibiri na faɗa wa Kawu haka nan, bai ce ai na gaya maka ba, ya ce in yi maza in sayar da motar kafin ta ƙara cin wani abu.

Ba ina cewa kowa ya zauna inda yake ba. Ɗan kwantiragin da ya shekara goma ba a ɗauke shi aikin dindindin ba yana da hujjar neman wata hanya, kuma na san abokan aikina da suka bari suka yi nasara. Ɗaya ya shekara biyu yana zama shagon yayansa kowace yamma da ranakun hutu kafin ya ajiye alli. Ba kuma ina cewa mota haramun ce ga ɗan birni ba. Mai kayan da zai ɗauka kullum, ko ma'aikacin lafiya da ake kira cikin dare, ko mai tsohon da ba ya iya hawa babur, buƙatarsu a fili take. Amma yawancinmu a garin nan, in muka rubuta inda muke zuwa a mako, za mu tarar gida ne da wurin aiki da kasuwa da masallaci, duka a cikin ɗan taƙi. Ko ciwon daren da na fake da shi, sau ɗaya ya faru a wata 19 da na riƙe motar, kuma maƙwabcinmu mai adaidaita yana amsa waya kowane lokaci. Kuɗin asiransi na shekara kaɗai ya isa ya biya shi wannan tafiya sau da yawa.

Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna mini gaskiyar Kawu. Da Najeriya ta fara buɗe iyakoki a watan Disamba 2020, Jibiya ba ta cikin na farko, sai Afrilu 2022. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Tinubu ya cire tallafin mai, arahar da na gina lissafina a kanta ta tafi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin shekarar aka sake rufe iyakar wata da watanni. Direbobin gaske sun sha wuya, amma da yawansu suna nan kan hanya, don sun san sana'arsu, suna da gona, suna da mutane.

Ɗan'uwa, na san ba ka fi ni ƙarfin zuciya ba, ni ma ban fi ka wauta ba. Kana da taka tabarmar, ko da ba ta mota ba ce. In kana shirin ajiye aikinka don wani sabo, ka fara bin masu shi wata ɗaya kana ɗaukar musu kaya, ka ba wanda ba ya jin kunyarka lissafinka ya duba, kuma ka saurari matarka.

Na sayar da motar a watan Fabrairu 2021 a kan miliyan 1 da jika 300. Na biya basussukan makanikai da ƴan ruwa-ruwa, na maida wa matata rabin kuɗinta, na kai wa dattijon Jiratawa abin da ya rage. Gurbina na da an ba wani. Yanzu ina koyarwa a wata lakwal mai zaman kanta, ina kuma yi wa masu shirin jarrabawar BEPC darasin yamma a zauren gidana. A ƙafa nake zuwa aiki. Saura jika 350 in fanshi garkar mahaifina.